'Yar Kwalbar da Na Ba Kawu Ajiya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu a Argungu wata Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Ban samu jana'izarsa ba. Motar da na shigo daga Birnin Kebbi ta ɓata lokaci a hanya tana lodin buhunan albasa, ko da na iso maza sun riga sun dawo daga maƙabarta.

Cikin gida babu masaka tsinke. Yawancin matan masu bandar kifi ne, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna sarin kifi a hannunsa. Wata tana kuka tana cewa bai taɓa sayar mata da kifin jiya da sunan na yau ba. Wata ta ce shi kaɗai ne dillalin da zai ce maka kada ka sayi kayansa yau, ka dawo gobe. Matar Kawu kuwa ba ta yi kuka ba. Tana zaune a kan tabarma riƙe da carbi, duk wanda ya shigo sai ta tambaye shi ko an zuba wa janareto mai, don marigayi ba ya son firiza ta huce.

Ina durƙushe ina gaishe ta, sai wata tsohuwa ta nuna ni da haɓa.

"Wagga ba ita ta ɗiyar boko ba, wadda marigayi yal lalata ma maganin Turawa?"

Na ce, "Iya, ba shi ya lalata ba."

"Haba ɗiyata, ai shi da bakinai yah hwaɗi. Allah dai shi yahe mai."

Mata suka amsa da amin. Na ji kamar in tashi in yi ihu a tsakar gidan, amma gidan makoki ne, sai na haɗiye. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Mutumin nan ya yi shekara da shekaru ana ba shi amana bai taɓa ci ba, amma ga shi an binne shi da tabon cewa ya lalata ajiya. Bai lalata komai ba. Ni ce na shafa masa tabon da bakina, kuma duk yadda na yi in goge, shi da kansa ya hana ni.

Kawu masunci ne ɗan masunta. Da gwiwoyinsa suka fara ciwo ya daina shiga ruwa, ya koma sayen kifi a bakin gulbi yana sayarwa. A shekarun farko da aka ba mu jiha, lokacin da ma'aikata suka cika Birnin Kebbi kowa yana neman ɗanyen kifi, ya sayi babbar firiza da janareto ya kafa a rumfar ƙofar gidansa. Ya fi kula da janareton nan fiye da lafiyar jikinsa.

Yana da hali guda da kowa ya san shi da shi. Bai yarda da ido ba, sai yatsa. Maganarsa kullum ita ce, "Ban taɓa ba, ban sani ba." Kafin ya shiga mota sai ya danna tayar. In aka kawo masa jariri sai ya danna kumatun. Ranar da na kawo masa takardar digirina ta farko, juya ta ya yi, ya murza gefenta da babban yatsa, sannan ya ce ta yi kauri, da alama ta gaske ce. Haka yake yi wa kayan sana'arsa. Kowace safiya in ya dawo daga masallaci zai buɗe firiza, ya fito da kifi ɗaya bayan ɗaya, giwan ruwa ne ko tarwaɗa, ya danna, ya juya, ya mayar. Na san wannan tun ina yarinya, kuma ina so mai karatu ya riƙe cewa na sani.

Ba zan manta alherinsa ba. Ina makarantar kwana, duk wata sai ya zo ziyara da bandar kifi ƙunshe cikin takardar siminti. Ɗakin kwananmu ya ɗauki ƙarni har sati, 'yan ajinmu su yi ta tsokana ta, ni kuma ina jin kunya ina ci. Bai san me ake koya mana ba, amma ko a gaban wa "Malama" yake ce mini tun ban kai ko'ina ba.

Lokacin da abin ya faru ina koyar da kimiyya a Birnin Kebbi, ina kuma digiri na biyu a jami'a. Bincikena a kan maganin ƙwarin da manoman albasa suke fesawa a fadamun Augie ne. A jikin kowane mutum akwai DNA, kuma kullum tana samun 'yar lalacewa, sai wasu furotin su bi su gyara. Ni ina son in gano ko maganin feshin nan yana hana mai gyaran yin aikinsa. To ba yadda za a yi wannan gwaji sai da shi furotin ɗin a hannu, kuma ba a yin sa a ƙasar nan. Farfesan da ke duba aikina ya yi ta rubuta wa wani abokinsa na ƙasar waje, muka jira fiye da shekara. Daga ƙarshe ya zo, cikin 'yar kwalbar roba da ba ta kai ƙaramin yatsana ba, ruwan ciki ɗigo ɗaya. Sharaɗinsa guda ne, ya zauna cikin tsananin sanyi. In ya ji ɗumi ya mutu, kuma ido ba zai nuna maka ya mutu ba.

Satin da ya iso aka shiga yajin aiki, aka kulle jami'a, aka kashe janareton sashenmu. A gidana na Birnin Kebbi kuwa wuta sai ta yi kwana uku ba ta leƙo ba. Na duba gabas na duba yamma, firiza ɗaya na sani a duniya da ba ta taɓa hucewa ba. Na cika fulas da ƙanƙara, na sa kwalbar, na hau motar Argungu.

Na same shi a rumfa yana ɗinkin homa, ragar nan ta hannu da ake su da ita. Ya daina shiga ruwa amma bai daina yi wa mutane gyara ba. Na buɗe fulas na nuna masa.

"To, mi na ciki?"

"Furotin ne, Kawu."

"Ana ci?"

Na ce ba a ci, ba a sha, ba kuma magani ba ne, na gwaji ne kawai. Na yi masa bayani iya yina. Na ce a jikin kowa akwai wani dogon zare da ke ɗauke da tsarin halittarsa, zafin rana da guba suna ɓata shi, shi kuma wannan aikinsa ya bi zaren ya nemo inda ya lalace, ya yanke wurin don a sa sabo.

Ya dubi homar da ke cinyarsa, ya dube ni. "Ashe kowa da mai ɗinkin homa cikin cikinai."

Na ce kusan haka ne.

"Kin ce na mutum na. Wa anka yanka?"

Na yi dariya na ce ba a yanka kowa ba. Tsarinsa aka ɗauko daga na mutum aka dasa wa ƙwayoyin bakteriya, su suka ƙera shi, aka tace.

"Ikon Allah. Ƙwaro shi yi aikin ɗan Adam." Ya goge hannu a rigarsa. "Kawo nan, Malama. Abokin sana'ata na, ba ni bari shi wahala."

Ya samo gwangwanin madara, ya wanke, ya sa kwalbar ciki, ya kau da kifi ya yi mata wuri a kusurwa. Na ce kada wuta ta ɗauke mata. Na ce kada kowa ya buɗe. Da zan tafi na ƙara da cewa, "Kawu, don Allah ka kula da shi sosai." Wannan kalma na faɗa wa mutumin da a wurinsa kula da abu shi ne a taɓa shi kullum. Ban ce kada ka taɓa ba. Ko a raina bai zo ba.

Yajin aikin ya yi wajen wata huɗu. A ciki, ana tsakiyar bazara, janareton ya lalace da rana tsaka. Matar Kawu ta ba ni labari daga baya. Bai ko kalli kifinsa ba. Ya ɗauki gwangwanin ya cusa cikin kular ƙanƙara, ya hau bayan babur da gwiwoyin nan nasa, ya tafi wurin wani mai ƙanƙara a ɗaya gefen gari. Ya sa shi a firizar mutumin, ya zauna a kan benci kusa da ita har aka gyara janareton. Kifin ranar sai banda aka yi da shi, wani ma zubarwa aka yi. Bai taɓa faɗa mini ba.

Da aka buɗe jami'a na ɗauko abina na tafi ɗakin gwaje-gwaje da murna. Gwajin farko mai sauƙi ne, na tabbatar furotin yana da rai. Za ka haɗa shi da DNA da aka lalata da gangan, in yana aiki zai yanke ta, sai ka ga layi biyu a hoton sakamako. In ba ya aiki, layi ɗaya. Na ga layi ɗaya. Na canza ruwan haɗi na sake, layi ɗaya. Na sake karo na uku da sauran ɗigon. Layi ɗaya ne dai.

Farfesa ya tambaye ni inda kwalbar ta zauna duk watannin nan. Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya ce, "Cikin kifi?" Kallon da ya yi mini ya ishe ni. Babu wata kwalbar, babu halin jiran wata shekara, wa'adin karatuna ya kusa cika. Aikin shekara biyu ya tashi a banza.

Daga can Argungu na wuce. Na fara shiga cikin gida na tambayi matar Kawu ko an taɓa barin kwalbar ba sanyi. Ta ce ko kusa. Sai ta ƙara, da fara'arta, tana ganin yabonsa take yi:

"Ai abin ga naki ya ga gata. Kullum da sahe shi an na hwarko. Shi hiddo shi, shi riƙe ga tahin hannu har raɓar ta washe shi ga ɗigon na nan, shi yi mai addu'a shi tohwa, kana shi maida. Ko rana guda bai yi hwashi ba."

Wata huɗu. Kullum cikin tafin hannu mai ɗumi. Na juya na yi waje a fusace.

Kawu yana rumfa, mata masu sari sun kewaye shi, ga wasu dattawa biyu a kan benci. Ko gaisuwa ban yi ba. Abin da na faɗa zan rubuta shi yadda yake, don kowa a unguwar ya ji.

"Kawu, ka kashe shi! Wa ya ce ka taɓa? Kifi ne? Komai a duniya sai ka sa masa yatsa? Abin da ba ka sani ba ka bar shi mana!" Ya buɗe baki zai yi magana, ban bari ba. "Da na sani da na kai wa wanda ya yi karatu."

Yayan mahaifiyata, mutumin da ko sunansa ban taɓa kira ba. Ya ajiye kifin da ke hannunsa, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Na ji, Malama." Shi ke nan abin da ya ce.

Mahaifiyata ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata. Na je na ba shi haƙuri a kan rashin kunyar, ya ce babu komai, mai gaskiya ba ya ba da haƙuri. Amma ni a zuciyata ban janye zargin ba, kuma ya san ban janye ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni haushi, har yau. Ya sa wani maƙwabcinsa malamin firamare ya kwafa masa rubutun da ke jikin kwalbar. Ya ninke takardar cikin hularsa, ya bi kemis-kemis na Argungu, ya zo Birnin Kebbi ya bi nasu, har Kamba ya je don an ce masa kayan ƙasar waje ta can suke shigowa. Wata rana na dawo daga makaranta na same shi zaune a ƙofar gidana da kwalbar maganin ƙarin jini. Wani mai kemis mara tsoron Allah ya ce masa duk ɗaya ne, wannan ma ya fi yawa. Na ce, "Kawu, ba a sayar da shi a kemis, na faɗa maka sau nawa?" Ya ce ya ji. Bayan sati biyu aka ce an gan shi a wani kemis ɗin.

Sannan ya daina karɓar ajiya. Da can rabin unguwa a firizarsa suke sa naman layya, wani tsoho mai ciwon sukari kuma a wani ƙaramin firiji na Kawu yake ajiye allurarsa. Duk ya mayar wa kowa kayansa. In an roƙe shi sai ya ce, "Hannuna ba shi da kyau ga ajiya. Ku tambayi ɗiyar ƙanwata." Kuma ya zauna ya ba da labarin tun daga farko, bai rage wa kansa komai ba. Da bakinsa labarin ya zaga gari.

Ni kuwa na canza bincike, na yi wani na raba takardun tambaya ga manoma, wanda ko kaɗan ba na so. Na samu digirin. Kusan shekara biyu bayan haka na haɗu da farfesa a wurin wani ɗaurin aure, muna cikin hira ya ce, af, ya manta bai faɗa mini ba. Ashe kwalba biyu aka aiko tare. Ɗayar an kai ta kai tsaye wani ɗakin gwaji mai firiza ta gaske, ba wanda ya taɓa ta, ita ma matacciya ce. Da suka bi diddigi suka gano ƙunshin ya yi kwanaki a rumbun kaya na filin jirgi cikin zafi, ƙanƙararsa ta ƙare tas. Wanda ya karɓo ya ji tsoro ya zuba sabuwa bai gaya wa kowa ba. Gawa na kai Argungu. Gawa Kawu ya yi wata huɗu yana yi wa addu'a, ya bar kifinsa ya ruɓe dominta.

Farfesa ya faɗi wannan yana cin shinkafa. Ya manta! Da na iya da na kife masa farantin a ka.

Nan ma ban yi abin kirki ba. Maimakon in hau mota washegari, sai na yi ta ɗagawa. Kunya ta hana ni. Yaya zan koma rumfar da na tsaya na yi ihu in ce ashe ba haka ba ne? Sai da aka yi wata uku na je.

Na zaɓi lokacin da rumfa take cike, don inda aka ji zargin a ji wankewar. Na durƙusa na faɗi komai. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi murmushi ya ce wa matan, "Kun ji ɗiyar kirki. Ta ga na tsuhwa, ta ƙago labari ta sanyaya min rai." Suka yi ta sa mini albarka. Na rantse, ya ce in daina rantsuwa a kan abin da bai kai ba.

Na koma na sa farfesa ya rubuta a takarda ya buga hatimi. Na kawo, malamin firamaren nan ya karanta ya fassara masa. Kawu ya karɓi takardar, ya murza gefenta, ya miƙo mini. Ya ce takarda ai abin da aka ce mata take faɗi. Wallahi ban taɓa ganin taurin kai irin na mutumin nan ba. An zarge shi ya karɓa nan take ba musu, an zo wanke shi ya ce sai an kawo shaidar da zai taɓa da hannu. Ina zan samo ta? Shekaru muka yi a haka. Duk zuwan da zan yi sai na tayar da maganar, shi kuma sai ya tambaye ni lafiyar yara.

Ganina da shi na ƙarshe, sati uku kafin rasuwarsa, yana kwance a ɗakinsa ƙafafu sun kumbura. Bayan azahar ne. Na zauna a bakin gado na ce, "Kawu, don girman Allah ka yarda da ni sau ɗaya. Ba kai ka kashe shi ba. Ya mutu tun kafin ya zo hannunka."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "To, na yarda. Ya mutu bisa hanya."

Na ji wani sanyi a raina. Ashe bai gama ba.

"Amma in tambaye ki, Malama, kuma ki ji tsoron Allah. Sa'ad da nika riƙon shi ga hannu, ni ban san ya mutu ba. In da ya iso da rai, abin da niy yi, shina kashe shi ko ba shi kashewa?"

Na san amsar, shi ma ya ga na sani. Ina iya cewa a'a. Tsoho ne a kan gadon ciwo, ba wanda zai kama ni. Amma idonsa yana kaina, kuma mutumin nan bai taɓa sayar wa kowa kifin jiya ba.

Na ce, "Da ya kashe shi, Kawu. Amma laifina ne, ni ce ban gaya maka ba."

"To kin gani," in ji shi. Ya juya fuskarsa wajen bango. "Tashi ki ci abinci, kin sha hanya."

Ya Allah, Kai ka san abin da ya isa Argungu cikin fulas ɗin nan, Ka kuma san niyyar hannun da ya riƙe shi. Ka jiƙan Kawu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka karɓi shaidar da ya ƙi karɓa daga bakina. Ni kuma Ka yafe mini abin da na faɗa a rumfa, don shi ya tafi yana ganin gaskiya na faɗa.